Mahauci a Gaban Allon Likita

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Tudun Wada.
Hannuna ya san zuciya ko da fitila ta mutu:
ta sa, ta rago, ta raƙumi sau biyu.
Na san inda kitse ke kwanciya a wuyanta,
nakan yanke shi in yi wa mai saye gyara.
Ban taɓa tuna cewa tawa ma tsoka ba ce.

Sai numfashi ya fara yi mini rowa.
In dare ya yi, ƙirjina ya koma kalangu
a hannun ɗan koyo,
ya buga uku, ya manta na huɗu.
Yahanasu ta ce, "Baba, gobe Shika."
Na ce gobe Laraba, akwai shanu.
Ta ɗauke wuƙata ta kulle a akwatinta.

Aka shafa mini wani mai sanyi a haƙarƙari,
yaro ya danna ƙarfe yana kallon allo.
Ga ta can, baƙi da toka-toka,
tana buɗe baki tana rufewa
kamar tarwaɗa a cikin kwarya.
Yaron yana hira, sai ya daina hira.
Na san irin wannan shirun.
Ni ma shi nake yi in na buɗe dabba
na tarar da abin da mai ita bai sani ba.

Akwai ƙullutu, in ji su, kamar goro.
Sunansa? Sai an yi babban hoto.
Mako biyu na yi ina auna goron nan,
na biya Ɗanlasan bashin da ya manta,
na nuna wa Yahanasu inda takardar gida take.
Ta ƙi kallo.

Ran babban hoto suka karɓe zobena,
da makullin shago, da tsinken sakace na ƙarfe.
Aka tura ni cikin rami mai haske,
ya kama ruri kamar injin markaɗe.
"Ja numfashi. Riƙe. Saki."
Salatin da na fara ya tsinke sau bakwai.

Likita Balaraba ta juyo mini da allon.
"Ka ga nan, ya yi fari tas.
Yanzu na ce wa na'ura ta kashe hasken kitse."
Ta danna. Goron ya dushe, ya yi baƙi.
"Ruwan allurar da muka sa, bai sha ba.
Dubi gefensa sumul, bai kafa saiwa ba,
bai tare wa jini hanya ba.
Kitse ne, Baba. Ba mugun ba ne."

Na matso, na sa tabarau.
Wallahi na gane shi.
Shi ne wanda nake jefawa a kan sikeli kyauta.
Mutane na yi wa rogo kallon kitse,
ni kuwa kitse na yi wa kallon ajali.

Na ce, to a ba ni wuƙa mana, minti biyu ne.
Ta yi dariya har ta cire gilashi.
"Ba a yanka abin da bai yi laifi ba.
Bugun nan za mu bi shi da magani,
shi kuma mu sa masa ido.
Ka dawo bayan wata shida mu gaisa da shi."

A motar dawowa, wajen Samaru,
Yahanasu ta yi barci a kafaɗata,
takardar hoton na kan cinyarta.

Jiya na fasa ƙirjin wani bijimi.
Na ɗago zuciyar, da ɗuminta,
na daɗe ina riƙe da ita
har mai saye ya ce, "Sallau, lafiya?"
Na ce lafiya lau.
Kilo nawa?