Tsarabar Delhi

Kwana uku da dawowarmu Leicester,
akwatin na nan gindin matakala, baki buɗe,
kamar shi ma tarin yake son yi.
Ana yayyafi a Belgrave Road.
Na buɗe taga na shaƙi iska
har haƙorana suka ɗauki sanyi.

Tanimu ya ce kada a gaya wa kowa.
To, ga shi ina faɗa.

Indiyar bangon sinima muka je nema,
wadda muka gani muna yara a Fagge,
da gyaɗa a aljihu:
tsauni kore shar, mayafi na tashi a iska.
Muka sauka, babu iskar.
Rana ta fito kamar tsohon kwabo
da aka tsinta cikin toka.
Da la'asar na fyace hanci a farin hankici,
na ninke da sauri kada mijina ya gani.
Ashe shi ma nasa ya ɓoye.

A ƙofar tashar jirgin ƙasa
wani mai kwat, da kati rataye a wuya,
ya ce an soke jirginmu.
Har da dafa ƙirji, wai abin ya taɓa shi.
Ya kai mu ofishin ɗan'uwansa,
aka kawo shayi mai citta,
mai daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba,
shayi mafi tsada da ya taɓa bin maƙogwarona.
Jirgin kuwa ya tashi a kan lokaci,
kujeru biyu suka yi tafiyarsu babu mu.

Tanimu, da ya yi shekara tara a Kantin Kwari
yana karanta aljihun mutum daga tafiyarsa,
ya zauna bakin gado, ya cire hula.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ga gyalen da aka rantse mini
gashin akuyar kan tsauni ne.
Na kai wa Kokila, maƙwabciyata,
haihuwar Kampala, jikar mutanen Gujarat.
Ta zare zare ɗaya, ta ƙyasta ashana.
Ya narke, ya yi warin leda.
Ta yi dariya har da riƙe firji,
sannan ta ja durowa: nata guda uku.
"Ni da ake wa kallon 'yar gida," in ji ta,
"takalmina suka duba."

Sai dai akwai mai keken nan.
Ban riƙe sunansa ba, abin da ke cina ke nan.
Tsumma ɗaure a hanci, idanu jajawur.
Mun ja ciniki da shi kamar za a yi dambe
a kan abin da bai kai kuɗin burodi a nan ba,
don ran nan kowa ɓarawo ne a idonmu.
Bayan isha'i sai ga shi a masaukinmu
da wayata a hannu,
ta sulale ne a kujerar baya.
Awa biyu cikin cunkoso, cikin hayaƙin.
Na miƙa masa kuɗi, ya karɓa,
ya juya gefe ya yi tari,
ya tafi.

Ɗakin masu ciwon ƙirji nake aiki.
Na san tarin nan, na san inda yake kai mutum,
na san gadon da yake ƙarewa a kai.
Nawa zai lafa kafin Juma'a,
da zuma da lemun tsami da iskar Abbey Park.
Shi gobe ma zai ɗaura tsumman.

Ɗazu wayar ta yi ƙara, wannan dai wayar.
Wai kayana sun maƙale a gidan waya,
in biya fam biyu, in sa lambar katina.
Har na soma dannawa.
Tanimu ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce, "Waɗannan ko shayi ba su bayarwa."

Na ajiye ta a kan tebur.
Na yafa gyalen ledar, don sanyi ya soma shigowa,
kuma, gaskiya, yana da ɗumi.