Jajibirin Ganawa a Edale

Gobe da ƙarfe tara za su tambaye ni abin da na iya.
Yau takalmina na kan tsohuwar jarida a bakin ƙofa,
yana ɗigar da taɓo, baƙi kamar gindin tukunya.

Na shimfiɗa takardar tarihin aikina a kan tebur.
Shafi biyu. Digiri, saura wata huɗu.
Lasisin tuƙi, shaidar taimakon gaggawa,
da ta riƙe injin yankan itace,
wadda ta lashe min kuɗin hayar wata guda.
Babu layin da zan rubuta
cewa na gane kukan tsuntsuwa in an kusanci ƙwanta,
ko cewa tun Nuwamba ruwan sama ya daina ba ni haushi.

Gwaggo Tabawa ta kira daga Malumfashi:
"Barira, wai da gaske ne?
Jirgi ya ɗauke ki har Ingila
don ki zama mai gadin daji?
Dajin ma an ce ba zaki, ba kura, sai tumaki."
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Ba ta yi ƙarya ba. Tumaki ne, da iska,
da mutanen Manchester ranar Asabar,
da karnukansu marasa igiya.

Moira, wadda nake koyon aiki a hannunta,
ba ta taɓa ce min sannu da ƙoƙari ba.
Ranar farko ta nuna min katangar da ta rushe.
Ba siminti, ba laka,
dutse ne ke riƙe da ɗan'uwansa.
"Wanda kika ɗauka kar ki ajiye. Nemo masa wuri."
Kwana uku na yi, na gina taku biyu.
Ta sa ƙafa ta tura, bai motsa ba, ta wuce.
Wucewar nan ita ce takardar yabona,
amma ina zan liƙa ta?

A aji, can Sheffield, taswira muke zanawa a kwamfuta,
kore a nan, ruwan ƙasa a can.
A saman tudu kuwa durƙuso ne:
huda ƙasa, cusa gansakuka, taka, matsa gaba,
har yatsu su mutu cikin safar hannu.
Ƙasar nan ba ta sauri, da ƙyar take ƙara tsawon farce.
Giginya, na nesa ka sha inuwarki.
Sai dai na nesa a nan ba tafiya ce ta raba mu ba,
ba a ma haife shi ba.

Mu arba'in da ɗaya muka nema.
Gurbi ɗaya, kwantiragin wata shida.
Matar ofishin shawarar aiki ta ce:
"Kalli idonsu. Kar ki ce mun yi, ce na yi."
A gidanmu ba a kallon idon babba,
kuma yabon kai jahilci ne.
Na tsaya gaban madubi na gwada: ni na...
Harshe ya yi nauyi kamar dutsen Moira.

To, bari in nemo masa wuri.
Ranar da aka yi zafi a watan Afrilu,
wani uba ya kunna gawayi a kan busasshiyar ciyawa,
yaransa biyu na jiran nama.
Ni kaɗai ce a wurin, rediyo ba ya kamawa.
Ban ɗaga murya ba. Na durƙusa wajen ƙaramar,
na nuna mata sheƙar da ke taku goma da wutar,
ƙwai huɗu, masu ɗigo-ɗigo.
Ita ta ce wa babanta ya kashe.
Ruwan gorata muka zuba, ni da shi.

Ka ji, na sake cewa mu.

Na goge riga, na rataye a bayan kujera.
Na cusa wa takalmin jarida, ko zai bushe kafin asuba.
Ba zan wanke shi tas ba.
In baki ya ƙi, su duba ƙasa.