Babin Ƙarshe

Mushe Illiyasu ya ce babi ɗaya ya rage mini:
"Faɗa mana inda fannin nan ya dosa."
Maƙala tamanin da ɗoriya na karanta
a ɗakin karatun jami'ar Tawa, fanka na tari bisa kaina,
duk kan sana'ar da ke neman riba don ta share wa jama'a hawaye.
Ban hango hanya ba.
Sai na tari kabu-kabu zuwa Garkawa.

Gidan Tsahara, albasa ke amsa sallama tun daga zaure.
Mata goma sha tara, turmi huɗu.
Suna sayen wadda dillali ya juya wa baya,
su yanka, su daka, su dunƙula gabu, su baza a rana.
Riba kashi uku:
na hannu, na kaye da bik ɗin yara,
na ukun yana kwance cikin gwangwanin madara
don matar da mijinta ya tafi biɗa
har wayarsa ta daina shiga.

Na zaro tambayoyina arba'in da biyu.
Ta dube ni, ba ta ajiye wuƙa ba.
"Ke ce ta huɗu.

Na farko shugaba yake nema.
Wa ta ƙirƙiro? Muka ce adashi ne ya yi girma.
Bai gamsu ba. Ya tsai da ni gaban turmi, ya ɗauki hoto,
na zama jaruma cikin takardar da ban iya karantawa.
Wata biyu Sahiya ba ta gaishe ni ba.

Ta biyu da ma'auni ta zo.
Yara nawa suka koma lakkol, jikka nawa a wata,
ta ƙirga har kaji.
Amma nauyin da ya sauka daga wuyan Mantau
ran da ta daina aron gishiri a maƙwabta,
wannan bai sami gurbi a takardarta ba.

Na uku ko takalmi bai tuɓe ba.
Wayoyinmu kawai yake tambaya,
ko kuɗi na bi ta ciki."

Ta ɗaga murya: "Nafisa, ɗauko kayen nan."
Bangonsa shuɗi, mai ya ci gefensa.
Sunan kowane mai bincike, ranar zuwansa,
abin da aka ba shi ya sha, alkawarin da ya ɗauka.
A ƙarshen shafi an ja layi, an rubuta: Ya dawo?
Ƙarƙashinsa fari fat.

Ashe mu ma ana nazarinmu.

"Ba wanda ya tambayi shekarar da ruwa ya doki shanya,
buhu talatin suka koma taki,
mata biyar suka fita, biyu suka dawo suna kallon ƙasa.
Can ilimin yake, ɗiyata.
Mai son sanin rijiya da rani yake zuwa."

Da dare wuta ta ɗauke, na rubuta da fitilar waya:
a bar farautar gwarzo guda, turmi ba ya daka kansa.
A zauna da ƙungiya har a ga faɗuwarta, a ga yadda take kakkaɓe zane.
Gayya da adashi sun girmi kalmomin da muke shigowa da su.
Waɗanda muke tambaya,
a bar su su ma su tsara tambaya.

Mushe Illiyasu ya zagaye shafin da jan bik:
"Ina madogara?"
Na rubuta: Tsahara, Garkawa, ranar Talata, bayan la'asar.
Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya mayar.
Bai soke ba.

Yanzu kundin na wurin masu ɗinki.
Kwafi biyar doka ta ce, na biya kuɗin shida.
Sai na mai da shi Hausa kafin in kai,
in karanta da baki, tsakanin sukuwar taɓare.
Sunana na nan a layi na huɗu, da rubutun Nafisa,
kusa da "kunun zaƙi, kofi biyu".
Gurbin gabansa bai cika ba tukuna.