Mai Korar Tsuntsaye a Ambursa

Nan inda kwalta ta miƙe kamar an shimfiɗa wa baƙo tabarma,
nan Baba Namakka yake binne irin gero.
Ina shekara tara aka ɗora ni kan rumfar gona,
da gwangwani mai tsakuwa, da majajjawa,
in yi ta ihu har maƙogwaro ya bushe
kada jan-baki su raba mu da abincin shekara.

Sai ga masu awo wata safiya cikin farar mota.
Suka kafa turaku masu jan kai,
suka ce daga nan zuwa kukar can, jirgi zai riƙa sauka.
Baba ya karɓi diyya, ya ƙirga sau biyu,
ya sayi bijimi da kwanon rufi,
bai ƙara bin hanyar nan ba har ƙasa ta rufe idonsa.

Ni kuwa na dawo.
Aka ba ni riga mai ƙyalli da takalmin roba,
da aikin da na iya tun ban san kaina ba.
Da ina korarsu saboda hatsi,
yau ina korar ƙanana don babban ya sauka lafiya.
Belbela ba ta ji an sayar da gonar ba.
Shamuwa ma, da damina ta kawo kai,
nan take dira, ba tikiti, ba mai buɗe mata jaka.

Jirgi ɗaya ne, in an yi sa'a biyu.
Wata rana mu wuni ba ko ɗaya,
sai iska tana hura jan ƙyallen nan na kan sanda,
Hakilu yana gyangyaɗi a inuwar motar kashe gobara.
Amma da an ce ya taso, kowa ya kama gabansa,
'yan tasi su kakkaɓe kujeru,
Gwamma ta ɗaga faifai daga ƙwaryar fura,
ni in ruga in share masa sama.

Na ga abin da yake saukewa.
Likitan da aka jira kwana uku.
Dillalan shinkafa masu waya biyu a kunne.
Akwatin da dangi suka tarba ba wanda ya ce uffan.
Baƙin Argungu, tun daga matakala suna tambayar ina kogin.
Lokacin Hajji kuwa ba masaka tsinke,
tsofaffin da ba su taɓa wuce Jega ba
suna hawa a hankali, bakinsu yana motsi.
Inna Ige ta waiwayo ta ce, Ɗantani, a ba awakina dusa,
kamar kasuwar Kalgo za ta je ta dawo.

Shekara goma sha ɗaya ban taɓa leƙa cikinsa ba.
Na san ƙararsa kamar yadda na san tarin Baba da asuba,
amma ban san kamannin garinmu daga sama ba.
Wani matuƙi ya ce mini kore ne shar,
fadama kamar madubin da ya faɗi ya tarwatse.
Na ce, ka ga wata kuka a gefen shinge?
Ya ce bai lura ba.

Bara, a gindin shingen waya,
na tarar karan gero ya tsiro shi kaɗai.
Doka ta ce a sare duk abin da zai kira tsuntsu.
Na kau da kai, kullum in bi ta can gefe,
har ya fid da kai, har ya yi ido.
Sannan na sa lauje.
Zangarniyar tana nan a aljihun rigar aiki.