Ramin Dawa

A ƙauyenmu, kudu da Gadarif,
ba ma ɗaga rumbu sama irin na garin da kakana ya baro.
Rami muke haƙawa, mu shimfiɗa ƙaiƙayi,
mu zuba dawa, mu rufe, mu tattake,
kamar masu binne asiri.

Bara buhu goma sha ɗaya na binne.
Yau na zura hannu har kafaɗa,
ƙasa na taɓo.

Bana hadari wasan yara ya yi da mu.
Ya taso daga wajen duwatsun Habasha,
ya yi baƙi, ya yi ruri, ya bubbuga ƙyauren langa-langa,
Kande ta jera robobi a tsakar gida,
sai ya naɗe rigarsa ya wuce.
Sau huɗu. Na ƙirga.
Baƙar laka ta dare baki
har ƙafar ɗan akuya ta faɗa ciki.

Da ya ga dama ya zubo, daren wata Laraba,
muka fita da asuba da iri a ƙwarya,
muna dariya kamar an biya mu bashi.
Tsiro ya fito, kunne biyu, kore shar.
Daga nan sama ta kulle
kwana ashirin da uku.
Na ga shukata ta murɗe kamar igiya,
ta kwanta ba ko sallama.

Babikir mai kanti ba ya kallon sama,
daminarsa tana cikin littafi.
Ya auna mini iri, ya lashi alƙalami:
mudu ɗaya yau, uku in kaka ta yi.
Na dangwala yatsa.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Shuka ta biyu ba ta kai gwiwa ba
ruwan da aka riƙe mana ya iso gaba ɗaya,
kamar baƙon da ya makara ya zo da dukan danginsa.
Kwana tara ba mu ga inuwarmu ba.
Taɓo ya haɗiye taraktar Jibo har wuya,
motocin kasuwa suka tsaya can bayan kwari,
kuɗin hatsi kuwa ba ya jin santsi,
shi kaɗai ya ci gaba da tafiya.

Riɗina ya tsaya cikin ruwa, ya yi rawaya,
kamar majinyaci a layin asibiti.

Yanzu kisirar da Kande ke yi
in ka ɗaga ta, kana ganin zanen tafinka.
Talatu ta ce, Baba, ba ruwa muka roƙa ba?
Na ce, shi muka roƙa.
Ta ce, to?
Na tura mata rabona, na fita duba jaki.

Amma akwai wani ɗan tudu a ƙarshen gona,
bai kai shimfiɗar tabarma arba'in ba,
inda na watsa ragowar gajeriyar dawar nan
da kakana ya ƙullo a bakin rawani
shekarar da ya nufi Makka a ƙafa
ya tsaya nan neman guzuri, har yau muna nema.
Ita ba ta mutu ba.
Ta fid da kai, ja, da nauyinsa.
Can nake wuni da gwangwani da tsakuwa,
ni da jan-baki muna gardamar gado.

Jiya na yanko zangarniya bakwai mafi cika,
na ɗaure su a saman ɗaki, inda hayaƙi ke bi,
iri ne, na baɗi.

Da dare na farka, na ga Kande zaune,
idonta a sama, tana kallonsu.
Ta san na gani.
Ba ta ce komai ba,
ta gyara wa Talatu mayafi.