Shuɗin Deolinda

Shekara arba'in Deolinda na Aveiro
tana zana jiragen gishiri kan farin tayil.
Ran Talata ta dubi bangon kicin,
layin da ta ja da hannunta ya lanƙwashe
kamar an jiƙa shi.

Ta rufe ido ɗaya. Ta rufe ɗayan.
Na hagu ne.

Likita ya ce can ƙuryar ido
akwai ɗan wuri, bai fi ƙwayar wake ba,
da shi ake zura zare, ake gane fuska.
Jijiyoyi sun tsiro ƙarƙashinsa, suna yoyo.
"Gefe zai zauna. Tsakiya muke ceto."

Allura a ido, wata-wata.
Ta ce ko kifi ba a yi masa haka.
Ta dai bi jirgin ƙarfe bakwai,
ta dawo da hawaye a kunci ɗaya.

Yanzu in jikanta Telmo ya shigo,
kunnensa take kallo
don ta samo murmushinsa.
Yaro ya zaci fushi ne.
Ta jawo shi, ta danƙa masa buroshi:
"Ja mini layin.
Shuɗin kuwa, bar ni da shi."