Rufin Asirin Gari

Ƙarfe tara na dare, ofis ya watse.
Saura ni da fom mai shafi arba'in da ɗaya,
da kofin gahawar da ta huce tun la'asar.
Shekara sha tara ina akawun Tabor Mills,
gari mai mutum dubu biyu in an lissafa da gidan tsofaffi,
can ƙuryar Iowa, inda masara ta fi mu yawa,
ta kuma fi mu tsayi.

Tambaya ta bakwai: Ku bayyana buƙatarku.
Kada bayani ya wuce kalma ɗari biyu.

To, ta ina zan kama?
Ta ɗakin ƙasa na Lorene Petrak?
A watan Maris ƙanƙara ta narke, sama ta ƙara nata,
abin da gari ya tura ƙasa ya juya baya
ya dawo gaishe mu.
Ya hau matakala uku,
ya kwanta kan akwatin wasiƙun marigayi mijinta.
Da ta kira ni ba ta yi kuka ba,
cewa ta yi, "Wilma, taho da takalmin roba."

Na duba fom ciki da bai,
babu gurbin da ake rubuta wari.

Orval Hruska ya zura kyamara a bututu,
muka tsugunna bayan motarsa muna kallon hanjin garinmu.
Yumɓu ne, an gasa shi tun kakana yana saurayi,
duk ya tsattsage kamar diddige.
Bishiyoyin da muke taƙama da inuwarsu
sun miƙa saiwa ta kowace kafa, suna sha abinsu.
Kitsen girkin shekara tamanin ya daskare a kwana.
Orval ya nuna da yatsa: "Nan ƙofar coci.
Nan mashaya. Nan gidan magajin gari."
Na zura ido ban ga bambanci ba.

Dala miliyan uku da ɗoriya, in ji injiniya.
Abin da ke asusu bai kai mu ƙarshen layi ɗaya ba.
A zaman majalisa wani ya ce a ƙara kuɗin ruwa,
sai ɗakin ya cika da tarin 'yan fansho.
Kansila Sedlacek ya ce, "Bara da muka buɗe filin wasa
jarida ta zo, an yanka ƙyalle, an tafa.
Wa zai tsaya hoto da bututun kashi?"
Gaskiyarsa.
Aikin da in ya yi kyau ba mai tunawa da shi,
wa zai ci zaɓe a kansa?

Gari casa'in ke nema, sha biyu za a ba.
Wanda ya fi nuna raminsa shi ke kan gaba.
Don haka na jera talaucinmu layi-layi:
masana'antar da ta rufe, gidajen da ba hayaƙi,
yaran da suka tafi ba su waiwayo ba.
Sai mun tona asirinmu da hannunmu
kafin a taimaka a rufa mana shi.

Na san Ardith, akawun garin ƙetaren kogi,
fitilarta na kunne yanzu, fom ɗinmu ɗaya.
Tare muke waƙa a bikin kaka.
Ban roƙa mata faɗuwa ba.
Ban dai roƙa mata komai ba.

Kalma ɗari da casa'in da takwas.
Wasiƙun Lorene ba su samu shiga ba.
Na tura, saura minti ashirin wa'adi ya cika.

A hanyar gida na tsaya kan murfin ƙarfen titin Locust,
na kasa kunne.
Can ƙasa yana tafiya a hankali, yana numfashi da ƙyar,
kamar tsohon da ba ya son ya tashi mutanen gida.
Ɗigo ya faɗo a kafaɗata, wani ya biyo.

Daren nan da ruwa kaɗan na wanke kofi.